Fim ɗin da masana suka kushe, jama'a suka cika sinima: wa ya fi gaskiya?

Masu iya magana kan ce abincin wani gubar wani. Da wuya a sami inda wannan magana ta zauna daram kamar a kan wani fim na barkwanci da aka fitar a ƙasar Sifaniya a shekarar 1970, mai suna No desearás al vecino del quinto, wato kada ka yi sha'awar maƙwabcinka na hawa na biyar. Masu sharhin fina-finai sun yi masa kaca-kaca, suka ce shirme ne kawai da batsa a fakaice. Su kuwa jama'ar gari sai suka yi kunnen uwar shegu, suka yi ta bin layi a ƙofar gidajen sinima har aka sayar da tikiti fiye da miliyon huɗu, a ƙasar da mutanenta a lokacin kimanin miliyon 34 ne. Idan aka raba, kusan tikiti ɗaya ke nan ga kowane mutum takwas, har da jarirai da tsofaffi a cikin lissafin. Sai a shekarar 2001 aka sami wani fim na ƙasar da ya fi shi tara jama'a. Yau an haura shekara hamsin, amma gardama a kansa ba ta mutu ba, kuma muna ganin akwai abin da mai karatu zai tsinta a cikinta ko da bai taɓa kallon fim ɗin ba.

Labarin ba shi da wani tsawo. Ramón Fernández ne ya ba da umarni, Alfredo Landa da Bafaranshe Jean Sorel suka fito a manyan taurari. A garin Toledo akwai wani matashin likitan mata mai suna Pedro, kyakkyawa, ya kuma san aikinsa, amma ofishinsa wayam, domin mazan garin sun ƙi yarda matansu su je wurinsa saboda kishi. A saman benen da yake zaune kuwa akwai wani tela mai ɗinkin mata, Antón, wanda yake karairaya da rangwaɗa irin ta ƴan daudu, don haka magidanta suka saki jiki da shi, matansu na shiga shagonsa suna fita ba mai cewa uffan. Wata rana Pedro ya tafi Madrid, sai ga shi ya yi kiciɓis da telan nan a gidan rawa cikin ƴan mata yana sheƙe ayarsa. Ashe daudancin nasa dabarar kasuwa ce. Daga nan aka ƙulla abota, sauran fim ɗin kuma guje-guje ne da ɓoye-ɓoye da maganganu masu harshen damo.

Kafin mu saurari ra'ayoyin ƴan kallo, ya kamata mu san irin ƙasar da suka fito. A 1970 Janar Francisco Franco ya shekara talatin da ɗaya yana riƙe da Sifaniya tun ƙarshen yaƙin basasa a 1939. Babu fim ɗin da zai kai gaban jama'a sai hukumar tace fina-finai ta karanta labarinsa, ta kalli hotonsa, ta yanke abin da ta ga dama. Cocin Katolika ma yana da nasa ma'aunin, ana liƙa shi a ƙofar majami'u, daga lamba ɗaya zuwa huɗu, ta huɗun tana nufin fim mai haɗari ƙwarai ga imanin mai kallo. Wani lokaci tacewar kan wuce gona da iri har ta zama abin dariya. A fim ɗin Amurka mai suna Mogambo na 1953 akwai matar aure da zuciyarta ta karkata ga wani namiji. Da aka zo juya muryoyin zuwa Sifaniyanci, sai masu tacewa suka mai da miji da matar wa da ƙanwa don a ɓoye cin amanar aure. Garin neman gira aka rasa ido, domin abin da ƴan kallo suka riƙa gani tsakanin wan da ƙanwar ya fi abin da aka ɓoye muni.

A gida kuwa, matar aure ba ta da ikon buɗe asusu a banki ko kama aiki sai da izinin miji, kuma sai a 1975 aka soke wannan doka. Babu sakin aure sai a 1981. A daidai wannan lokaci ne miliyoyin ƴan yawon buɗe ido daga arewacin Turai suke kwararowa bakin tekun ƙasar kowane bazara da shigarsu irin ta wanka, gwamnati na murna da kuɗin da suke kawowa, malaman coci na Allah wadai, talaka kuma ya tsaya a tsakiya yana kallon ikon Allah. Wannan talakan, wanda bai daɗe da baro ƙauye ya shigo birni ba, shi ne ya sayi tikitin fim ɗin nan, kuma shi ne Alfredo Landa yake kwaikwayo: gajere, kakkaura, mai gashi a ƙirji, mai dogon buri a kan mata amma kullum ƙafarsa na harɗewa. Irin waɗannan fina-finai sun yi yawa har aka raɗa musu suna daga sunansa, ana ce musu landismo.

Idan muka tattara abin da mutane suke faɗa game da fim ɗin daga wancan lokaci zuwa yau, za mu same su kashi huɗu.

Kashi na farko su ne waɗanda suka kalle shi a zamaninsa da kuma waɗanda suka gaje shi daga iyayensu. Hujjarsu ba ta da sarƙaƙiya: mun biya kuɗinmu, mun yi dariya, mun koma gida. A wurinsu mutumin da ya wuni yana aiki a masana'anta ko yana ɗaukar bulo bai zo sinima don a yi masa lacca ba. Suna kuma cewa duk hayaniyar da ake yi, fim ɗin bai nuna tsiraici ba, domin hukuma ba za ta bari ba, kuma yawancin fina-finan wannan salo kan ƙare ne da gogan naka ya yi nadama ya koma wajen matarsa ko budurwar da zai aura. Shirin talabijin na gwamnati mai suna Cine de barrio, wanda aka fara a 1995, ya shafe shekaru masu yawa yana maimaita tsofaffin fina-finan wancan zamani a yammacin Asabar, kuma da ba a kallonsa da tuni an rufe shi.

Kashi na biyu su ne masana da masu sharhi. Waɗannan suna ganin fim ɗin a matsayin abin kunya ga ƙasar da ta haifi Luis Buñuel da Luis García Berlanga da Carlos Saura. Suna cewa aikin gaggawa ne, barkwancin na arha ne, kuma babban laifinsa shi ne ya zama maganin barci: an ba talaka ɗan abin da zai lasa don ya manta cewa ba shi da bakin magana a kan mulkin ƙasarsa.

Kashi na uku sun fi ƙarfi a wannan zamani, musamman a cikin mata da matasa. Su tambayarsu ita ce, da wa ake yi wa dariyar? Suna nuni da cewa mace a irin waɗannan fina-finai ba ta da wani matsayi sai biyu, ko dai abar farauta ko kuma mai gadin gida da ake gudu. Suna kuma tuna wa jama'a wani abu da ba a cika faɗa ba: a cikin watan Agusta na shekarar 1970 ɗin nan ce gwamnatin Franco ta kafa dokar da ta ba alƙalai ikon tsare mutanen da aka ɗauka haɗari ne ga al'umma, ciki har da maza masu neman maza, kuma an riƙa kai su gidajen yari na Huelva da Badajoz. Wato a lokacin da sinima ta cika ana ƙyalƙyala dariya da mai kwaikwayon ɗan daudu, wasu mutanen na gaske suna kulle.

Kashi na huɗu su ne masu nazarin tarihi da zamantakewa. Waɗannan ba ruwansu da ko fim ɗin ya yi kyau ko bai yi ba. A wurinsu madubi ne: duk mai son ya san abin da mutumin Sifaniya na 1970 yake tsoro, da abin da yake kwaɗayi, da abin da yake ɓoyewa, zai fi samunsa a nan fiye da cikin jawaban ministoci.

To, ina muka tsaya? Mu dai a ganinmu kowane kashi ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma ba daidai suke da nauyi ba, kuma ba za mu ɓuya a bayan cewa kowa da ra'ayinsa ba.

Da farko, ba mu yarda da masanin da zai kalli mutum miliyon huɗu ya ce duk wawaye ne ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan jama'a suka yi dafifi a kan abu, akwai ƙaiƙayin da abin ya sosa musu. Fim ɗin nan ya taɓo wani ciwo da kowa ya sani amma ba mai iya faɗa a fili, wato munafuncin zaman garin da kowa yake sa ido a kan kowa, inda mutum yake da fuska ɗaya a Toledo, wata fuskar a Madrid. Magidancin da ya hana matarsa zuwa wurin ƙwararren likita saboda kishi, sannan ya miƙa ta da hannunsa ga mayaudari, shi ne babban wawan labarin, kuma da yawa daga masu dariyar sun san shi, wasu ma su ne shi. Wannan ɓangare na labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ma'aikatan asibitocinmu sun san matan da ake jinkirta kawowa har ciwo ya ci ƙarfinsu, don kawai maigida bai yarda namiji ya duba su ba. A fim abin dariya ne, a ɗakin haihuwa kuwa rai ake magana.

Na biyu, duk da haka ba mu yarda cewa yawan tikiti shi ne hukunci ba. Kasuwa tana gaya mana abin da aka saya, ba ta gaya mana ko abin yana da kyau. Kuma a nan muna ganin ƴan kashi na uku sun fi kowa kama bakin zaren. Barkwanci kala biyu ne. Akwai wanda yake harbin na sama, mai mulki ko mai kuɗi ko munafuki, akwai kuma wanda yake taka na ƙasa, wanda ba shi da ikon ramawa. Fim ɗin nan ya haɗa biyun, amma na biyun ya fi yawa, domin shi ne hukuma za ta bari ya wuce ba tare da almakashi ba. Da Antón ya kwaikwayi wani gwamna ko wani janar, da fim ɗin bai ga hasken rana ba. Saboda haka dariyar da aka yi ba ta ƴanci ba ce gaba ɗaya, dariya ce da aka shata wa iyaka, aka nuna mata inda za ta faɗa.

Na uku, kuma wannan ne darasin da ya fi damunmu, mai tacewa da mai shirya irin wannan fim abokan ciniki ne ko da ba su sani ba. Hani ne ya haifar da yunwar, yunwar kuma ta cika sinima. Shaida ita ce abin da ya faru a 1973, lokacin da dubban Sifaniyawa suka riƙa tsallaka iyaka zuwa garuruwan Perpignan da Biarritz na Faransa don kawai su kalli fim ɗin Last Tango in Paris da aka haramta a ƙasarsu, har aka shirya wani fim na barkwanci a kan wannan tafiya a shekarar, mai suna Lo verde empieza en los Pirineos. Masu shirya fina-finai kuma suka koyi ɗaukar wasu fitowa sau biyu, ɗaya da sutura don gida, ɗaya babu don kasuwar waje. Dokar ba ta gyara zuciyar kowa ba, ta dai koya wa jama'a zagaye.

Da Franco ya mutu a ranar 20 ga Nuwamba 1975, aka kuma soke tace fina-finai a ƙarshen 1977, sai madatsar ta ɓalle. Aka shiga zamanin da suke kira destape, wato buɗe murfi. Fina-finan tsiraici suka cika gari, aka ƙirƙiro musu alamar harafin S. A fagen barkwanci kuwa Andrés Pajares da Fernando Esteso suka karɓi tuta a ƙarƙashin mai ba da umarni Mariano Ozores, suka fara da Los bingueros a 1979, wanda ya tara ƴan kallo fiye da miliyon ɗaya, suka yi fina-finai tara tare. Mai tsoron lalacewar tarbiyya zai ce ga abin da muke gudu nan. Amma a dubi ƙarshen labarin. Ambaliyar ba ta kai shekara goma ba ta janye. Kafin tsakiyar shekarun 1980 jama'a sun ƙoshi, kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, sannan dokar da Pilar Miró ta kawo a 1983 ta karkatar da tallafin gwamnati zuwa wasu irin fina-finai. Abin da almakashi ya kasa kashewa cikin shekara arba'in, gundura ta raunana shi cikin ƴan shekaru.

Ba muna cewa a bar kowa ya nuna abin da ya ga dama ga kowa ba. Kare yara wajibi ne, kuma kowace al'umma tana da ikon shata iyakar abin da za a nuna a bainar jama'a gwargwadon tarbiyyarta. Abin da tarihin Sifaniya ya nuna shi ne, iyakar da aka gina a kan tsoro kaɗai, ba tare da an ba mutane ilimi da abin kallo mai inganci a madadinsa ba, ramin kura ce da aka rufe da zana.

Akwai kuma wani abu da ya kamata masana su riƙa tunawa kafin su yanke wa ɗan wasa hukunci. Wannan Alfredo Landa da aka mayar abin misali na fim ɗin banza, shi ne Juan Antonio Bardem ya ɗauka a 1977 ya yi El puente da shi, shi ne ya fito ɗan binciken sirri mai ɗaure fuska a El crack na José Luis Garci a 1981, kuma shi ne a 1984 ya raba kyautar gwarzon ɗan wasa ta bikin Cannes da Francisco Rabal saboda rawar da suka taka a Los santos inocentes, inda ya fito baran gona da ubangidansa yake ɗauka tamkar karen farauta. Pajares ma ya ci kyautar Goya da fim ɗin ¡Ay, Carmela! na Carlos Saura, Ozores kuwa aka ba shi Goya ta girmamawa a 2016. Gwanintar Landa tana nan tun 1970, kuma ƴan kallon da aka raina sun riga masana ganinta da shekara goma sha huɗu. A wannan gaɓa dai jama'ar gari ne suka yi gaskiya.

Salon kansa bai mutu ba, kama ya sauya. El otro lado de la cama na 2002, labarin abokai biyu da ƴan matansu da cin amanar juna, shi ne fim ɗin Sifaniya da ya fi kowane kawo kuɗi a shekararsa. Kiki, el amor se hace na Paco León ya ja jama'a sosai a 2016. Bambancin shi ne a waɗannan mata ma suna da bakin magana da nasu son zuciyar, dariyar kuma ta fi komawa kan raunin ɗan Adam gaba ɗaya. Su ma ra'ayi ya rabu a kansu, wasu na cewa sun yi tsaurin ido, wasu na cewa iska ce kawai. Haka nan zai ci gaba da kasancewa, domin babu abin da yake raba kan mutane kamar abin dariya da abin kunya, balle a haɗa su a kwano ɗaya.

Saura tambayar da ake yi yanzu: me za a yi da tsofaffin fina-finan nan? Wasu na cewa a jefa su a rumbu a kulle. Mu ba mu goyi bayan haka ba, domin wanda ya fasa madubi bai gyara fuskarsa ba, kuma zai zama an maimaita aikin hukumar Franco ne da sabuwar hujja. Wasu kuma na cewa a ci gaba da nuna su kamar ba abin da ya faru, wannan ma ba mu yarda ba. Hanyar da muke ganin ta fi ita ce wadda kamfanin HBO Max ya bi a 2020 da fim ɗin Gone with the Wind, inda ya janye shi na ɗan lokaci saboda yadda ya ƙawata zamanin bauta, sannan ya dawo da shi ba tare da yanke komai ba, amma da bayani a gabansa. A nuna wa manya fim ɗin yadda yake, a gaya musu shekarar da aka yi shi, da dokokin da suke aiki a lokacin, da waɗanda suke kurkuku sa'ad da ake dariya. Mai kallon da ya san wannan zai iya yin dariyarsa, amma zai san farashinta.

A yau da wayar hannu da tauraron ɗan Adam suka kawo fina-finan duniya har cikin ɗakunanmu, ba mai gadin ƙofar da zai iya tare komai. Abin da ya rage a hannunmu shi ne tarbiyyar ido da kunne. Duk fim ɗin da ya ba mu dariya, na Madrid ne ko na Mumbai ko na Kano, mu saba da tambayar kanmu da ƴaƴanmu abu biyu: wa aka mayar abin dariya a nan, kuma wa aka ƙyale ba a taɓa ba? Amsar takan faɗi abin da tikiti miliyon huɗu ba za su faɗa ba.

Allah ya sa mu gane.